Jim Corbett

Edward James Corbett (25 ga Yuli, 1875 zuwa 19 ga Afrilu, 1955), wanda aka fi sani da Jim Corbett, maharbi ne, marubuci kuma mai ɗaukar hoton namun daji. An haife shi a ƙasar Indiya a zamanin mulkin mallakar Birtaniya, cikin zuriyar Turawan da suka daɗe da zama a can. Ya yi suna wajen farautar taiga da damisa masu cin mutane a yankunan Kumaon da Garhwal tsakanin shekarar 1907 da 1938. Daga ƙarshen shekarun 1920 ya fi karkata ga kyamara a kan bindiga, kuma yana cikin mutanen farko da suka ɗauki fim ɗin taiga da rana a cikin dajinta. Gandun daji na ƙasa mafi daɗewa a Indiya yana ɗauke da sunansa.

Sunayen dabbobin

A Hausa akan kira manyan dabbobi biyu na dangin kyanwa da suna ɗaya, wato damisa, alhali kuwa dabbobi ne daban-daban. Damisa ita ce mai rodi-rodi a jiki, ana samunta a Afirka da Asiya. Taiga ta fi ta girma nesa ba kusa ba, jikinta ja-ja ne mai ratsin baƙi, kuma a nahiyar Asiya kaɗai take rayuwa a daji. Corbett ya yi mu'amala da dukansu biyu, saboda haka wannan maƙala ta bambanta sunayen.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Corbett a garin Nainital, wanda ke kan tsaunukan Kumaon a gindin duwatsun Himalaya, a jihar da ake kira Uttarakhand a yau. Mahaifinsa, Christopher William Corbett, shi ne shugaban gidan waya na garin. Mahaifiyarsa Mary Jane ce, kuma gidansu gidan yawa ne, domin iyayen biyu kowanne ya taɓa aure kafin su haɗu. Mahaifin ya rasu a 1881, lokacin da Jim bai cika shekara shida ba, sai ɗawainiyar gidan ta koma kan mahaifiyar da manyan 'ya'yanta.

Iyalin sukan yi lokacin zafi a Nainital, idan sanyi ya shigo kuma su sauko ƙauyen Kaladhungi da ke bakin daji. A wannan daji ne Jim ya tashi. Ya fara da harbin tsuntsaye da danƙo kafin ya riƙe bindiga, kuma ya koyi abubuwa da yawa daga yayansa Tom da wani maharbin yankin mai suna Kunwar Singh. Tun yana yaro ya iya karanta sawun dabba a ƙasa, ya gane ko namiji ne ko mace, babba ko ƙarami, da kuma lokacin da ya wuce. Ya san kukan gargaɗi na barewa da biri da tsuntsaye, wanda ke nuna inda taiga take da inda ta nufa. Ya kuma iya kwaikwayon kukan dabbobi da dama, har da kiran taiga. Yana jin harsunan mutanen yankin sosai. Wannan ilimi shi ne jarin da ya yi amfani da shi a farauta, daga baya kuma a ɗaukar hoto.

Ya yi karatu a makarantun Turawa na Nainital, amma bai je jami'a ba. Ya bar makaranta kafin ya cika shekara ashirin domin ya taimaka wa gida.

Aikin jirgin ƙasa da aikin soja

Corbett ya fara aiki da kamfanin jirgin ƙasa na Bengal and North Western Railway, inda aka sa shi kula da saran itacen da jirage ke ƙonawa. Daga nan ya koma Mokameh Ghat a bakin kogin Ganges, a jihar Bihar ta yanzu. Layukan dogo na ɓangarorin kogin biyu ba faɗinsu ɗaya ba, saboda haka dole a sauke kaya daga wani jirgi, a haye da su kogi, a sake lodawa a wani. Corbett ya karɓi kwangilar wannan aiki, ya riƙe ta fiye da shekara ashirin tare da ɗaruruwan leburori.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tara mutum ɗari biyar daga Kumaon ya kai su Faransa a 1917 a matsayin rundunar leburorin soja. A Yaƙin Duniya na Biyu, duk da ya haura shekara sittin, ya koyar da sojoji dabarun rayuwa da yaƙi a cikin daji, har ya kai muƙamin laftanar kanar.

A 1915 ya sayi ƙauyen Chhoti Haldwani kusa da Kaladhungi. Ya zaunar da manoma a ciki, ya kewaye gonakin da katangar dutse don kare amfanin gona daga aladun daji, daga baya kuma filayen suka zama mallakar manoman. Bai taɓa yin aure ba. Yayarsa Maggie ce ta zauna tare da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Farautar dabbobi masu cin mutane

Farautar da ta fara fito da sunansa ita ce ta macen taigar Champawat a 1907. Bisa ƙididdigar da aka ajiye, ta kashe mutum 436, kusan ɗari biyu daga ciki a ƙasar Nepal kafin a koro ta zuwa Kumaon. Corbett ya gindaya sharaɗi kafin ya karɓi aikin: a janye ladan da gwamnati ta sa a kan dabbar, a kuma janye sauran mafarauta. Ya bi sawunta bayan ta kama wata yarinya, mutanen ƙauyuka suka taru suka koro ta da ihu da ganguna, ya harbe ta. Da ya duba bakinta sai ya ga fiƙoƙinta na gefen dama a karye, sakamakon wani tsohon harbin bindiga.

A 1910 ya kashe damisar Panar, wadda aka danganta wa kisan mutum ɗari huɗu. Damisar Rudraprayag kuwa ta addabi hanyar masu ziyarar ibada zuwa Kedarnath da Badrinath, wuraren bautar mabiya addinin Hindu, daga 1918 zuwa 1926, kuma hukuma ta rubuta mata kisan mutum 125. Corbett ya shafe makonni yana nemanta a 1925 bai yi nasara ba, ya dawo a shekara ta gaba ya harbe ta a farkon watan Mayun 1926 daga kan bishiyar mangwaro. Taigar Thak, wadda ya janyo da kwaikwayon kiran namiji ya harbe ta a ranar 30 ga Nuwamban 1938, ita ce aka fi ɗauka a matsayin farautarsa ta ƙarshe ta irin wannan.

Daga gawawwakin da ya duba, Corbett ya tsaya a kan ra'ayin cewa mutum ba abincin taiga ba ne a ɗabi'arta. Abin da ke tura ta cin mutane shi ne rauni ko tsufa: harsashin maharbin da bai gama aikinsa ba, ƙayar beguwa da ta nutse a ƙafa ta ruɓe, ko haƙoran da suka lalace. Game da damisa kuma, ya danganta lamarin da lokutan annoba, kamar murar 1918, lokacin da gawawwaki suka yi yawa har aka riƙa jefa su cikin kwazazzabai ba tare da ƙonawa ba. Wannan fahimta ta taimaka wajen sauya yadda yake kallon dabbobin.

Komawa ga kyamara

A farkon ƙarni na ashirin, hoton taiga da aka saba gani shi ne na gawa: dabbar a miƙe a ƙasa, maharbi a tsaye ko a tsugune a bayanta da bindiga. Shi ma Corbett yana da irin waɗannan hotuna, kamar wanda aka ɗauke shi da damisar Rudraprayag, da wanda aka ɗauke shi da ƙaton namijin taigar Powalgarh a 1930. Irin wannan hoto shaida ce ta kisa da girman dabba, amma ba ya nuna komai game da yadda take rayuwa.

Wanda ya buɗe masa wata hanya shi ne Frederick Walter Champion (1893 zuwa 1970), jami'in kula da gandun daji a lardin da ake kira United Provinces a lokacin. Champion ba ya son harbin dabbobi don nishaɗi. Yakan ɗana kyamara a gefen hanyar da taiga ke bi da dare, ya ja siririyar waya ta gitta hanyar. Idan dabbar ta taɓa wayar, sai kyamarar ta buɗe, garin magnesiyam ya kama da wuta ya ba da haske kamar walƙiya, dabbar ta ɗauki hoton kanta da kanta. Ba'amurke George Shiras ya riga shi amfani da wannan dabara a kan barewa da wasu dabbobin Amurka, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906, amma Champion ne ya yi fice da ita a kan taiga. A 1927 ya wallafa littafin With a Camera in Tiger-land, wanda ke ɗauke da hotunan taiga da damisa da sauran namun daji a raye.

Littafin ya yi tasiri a kan Corbett ƙwarai. Ya gamsu cewa hoto ya fi fatar dabba amfani: fata mutum ɗaya ke mallaka kuma takan lalace, hoto kuwa kowa na iya gani, sannan dabbar tana nan da ranta. Sai dai bai kwaikwayi Champion kai tsaye ba. Ya lura cewa hotunan Champion na tsaye ne kuma da dare aka ɗauke su, sai ya ɗora wa kansa abin da ya fi wuya, wato hoto mai motsi da hasken rana.

Kyamarar da ya yi aiki da ita

Wani abokinsa ya ba shi kyautar kyamarar fim ƙirar Bell & Howell mai amfani da zaren fim na milimita 16. Kamfanin Kodak ne ya fito da wannan nau'in zare a 1923 domin waɗanda ba ƙwararru ba, kuma kyamarorinsa sun fi na milimita 35 da ake amfani da su a masana'antar fim sauƙin ɗauka da araha. Ga mutumin da ke yawo shi kaɗai a ƙafa cikin daji, yana hawa bishiya yana rarrafe cikin ciyawa, rashin nauyi shi ne abu na farko.

Amma kyamarar tana da nata cikas. Injinta mai sifirin ne da ake wanawa da hannu kamar tsohon agogo, kuma yana ƙara idan yana juyawa, alhali taiga dabba ce mai kaifin ji. Naɗin zare mai tsawon ƙafa ɗari ba ya wuce kimanin minti huɗu idan ana ɗaukar hoto goma sha shida a daƙiƙa, kuma wani ɗaya ba ya isa a cinye naɗin gaba ɗaya. Zaren fim na wancan zamani yana buƙatar haske mai yawa, ita kuwa taiga ta fi motsi da asuba da magariba, da rana kuma takan shige duhuwa. Wato lokacin da dabbar ke fitowa babu isasshen haske, lokacin da haske ya wadata kuma dabbar ba ta fili.

Fim ɗin 1938

Bisa abin da ya rubuta a littafinsa, Corbett ya shafe kimanin shekara goma yana bin taiga da wannan kyamara a ƙafa, ya yi tafiyar ɗaruruwan mil, amma bai sami hoton da ya gamsar da shi ba. Wani lokaci dabbar ta gan shi ta gudu, wani lokaci mace mai 'ya'ya ta kore shi, wani lokaci kuma ganye da inuwa su rufe abin da yake son ɗauka.

Daga ƙarshe ya sauya dabara. Maimakon ya bi dabbar inda take, sai ya zaɓi wuri ɗaya mai fili da haske a bakin wata ƙorama, ya riƙa janyo taigogin yankin zuwa wurin sannu a hankali. Don magance ƙarar injin, ya datse ƙoramar a wurare da dama ya samar da ƙananan magangarun ruwa, ta yadda sautin zubar ruwan ya danne sautin kyamarar. Aikin ya ɗauke shi wata huɗu da rabi. A 1938 ya sami fim ɗin manyan taigogi shida, maza huɗu da mata biyu, ɗaya daga cikin matan kuma ya bayyana ta a matsayin fara. Ya ɗauke su da rana, daga nisan ƙafa goma zuwa ƙafa sittin, wato daga kimanin mita uku zuwa mita goma sha takwas, kuma a cewarsa babu ko ɗaya daga cikinsu da ta gan shi a duk tsawon wannan lokaci.

Abin lura a nan shi ne kyamarar da ta gaza masa shekara goma ita ce dai ta ba shi wannan sakamako. Abin da ya sauya shi ne wurin da ya zaɓa, hasken da ke sauka a wurin, maganin da ya yi wa ƙara, da kuma haƙurin kwanciya a ɓoye kwana da kwanaki.

Ƙarfi da raunin hotunan

Idan aka ajiye aikin Champion da na Corbett gefe da gefe, kowanne yana da inda ya fi ɗan'uwansa.

Hoton tarkon kyamara yakan fito tar, domin hasken walƙiyar yana da ƙarfi kuma an riga an saita gilashin kyamarar a kan daidai inda wayar take. Ana iya ƙirga ratsin jikin dabbar, har Champion ya gane cewa kowace taiga da irin zanenta, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsunsa. Rauninsa kuwa shi ne mai hoton ba ya wurin. Ba shi ke zaɓar lokacin ɗauka ba, saboda haka dabbar na iya fitowa rabi a ciki rabi a waje, ko ta juya baya, ko ma wata dabbar daban ta taka wayar. Da zarar garin ya ƙone, tarkon ya gama aiki sai an zo an sake ɗana shi. Hasken yakan bar bayan hoton baƙi ƙirin, dajin da dabbar ke ciki ya ɓace. Idanun dangin kyanwa kuma suna da wani shimfiɗi a ciki mai mayar da haske, wanda kan sa su fito kamar fitilu biyu idan hasken ya doke su gaba da gaba.

Fim ɗin rana irin na Corbett yana nuna abin da hoton dare ba ya iya nunawa: tafiyar dabbar, yadda take cin abinci, yadda take zama da 'yan'uwanta, da dajin da ke kewaye da ita. Mai ɗauka yana wurin, shi ke zaɓar lokacin da zai fara da lokacin da zai tsaya. Sai dai kowane hoto a kan zaren milimita 16 faɗinsa kimanin milimita goma ne kawai, bai kai farcen babban yatsa ba. Idan aka ciro ɗaya aka faɗaɗa shi don bugawa a takarda, sai ya yi dishi-dishi. Hasken daji mai ratsowa ta cikin ganye shi ma matsala ne, domin ratsin taiga yana sajewa da ratsin inuwa, wanda shi ne ainihin amfaninsa gare ta.

Ta fuskar gyara bayan ɗauka, damar da ake da ita a wancan zamani kaɗan ce. Mai hoton tsaye yana iya rage gefen hoto a ɗakin wanki, ko ya ƙara wa wani sashe haske ya rage wa wani. Mai fim ɗin milimita 16 kuwa galibi zaren da ya ɗauka shi ne ake wankewa ya zama wanda za a haska a bango, saboda haka tacewarsa ba ta wuce yanke sassan da suka lalace da liƙa sauran ba. Idan haske ya yi kaɗan ko saiti ya kauce, babu abin da zai dawo da shi. Wannan ne ya sa masu ɗaukar hoto na lokacin suke kammala kusan dukkan aikinsu kafin su taɓa maɓallin kyamara: su san hanyar dabba, su san inda rana za ta faɗo, su san ta ina iska ke kaɗawa.

Kare namun daji

Corbett ya yi amfani da fina-finansa wajen wayar da kai. Yakan zagaya makarantu da taruka yana haska su, yana bayani a kan daji, wani lokaci ya rufe da kwaikwayon kukan taiga. Ga yawancin masu kallo, wannan ne karo na farko da suka ga dabbar tana harkokinta cikin natsuwa. Ya riƙa gargaɗin cewa yawan harbi da saran daji za su ƙarar da taiga a Indiya idan ba a ɗauki mataki ba, a lokacin da jami'ai da yawa ke ganin dabbar ba za ta taɓa ƙarewa ba.

Ya shiga cikin kafa ƙungiyoyin kare namun daji a lardinsa, kuma yana cikin waɗanda suka ba da shawara wajen kafa gandun daji na Hailey a 1936 a kwarin kogin Ramganga. An sa wa gandun sunan Sir Malcolm Hailey, tsohon gwamnan lardin, kuma shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Indiya.

Littattafai

Littafinsa mafi shahara shi ne Man-Eaters of Kumaon, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 1944. Ya sami karɓuwa a Indiya da Birtaniya da Amurka, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. A cikinsa ne ya ba da labarin yadda ya ɗauki fim ɗin 1938. Bayansa ya fitar da The Man-Eating Leopard of Rudraprayag, sai My India a 1952, Jungle Lore a 1953, The Temple Tiger a 1954, da Tree Tops a 1955. A 1948 an yi wani fim a Hollywood da aka ara masa sunan littafin farko, amma labarinsa ya yi hannun riga da abin da Corbett ya rubuta.

Ƙaura zuwa Kenya da rasuwa

A ƙarshen 1947, 'yan watanni bayan Indiya ta sami 'yancin kai, Corbett da Maggie suka ƙaura zuwa garin Nyeri a ƙasar Kenya. Sun zauna a wani ƙaramin gida mai suna Paxtu a harabar otal ɗin Outspan, gidan da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut, ya zauna a ciki kafin rasuwarsa. A can ne Corbett ya rubuta yawancin littattafansa na baya, ya kuma ci gaba da ɗaukar hoton namun daji.

A daren 5 ga Fabrairun 1952 yana masaukin Treetops, wani ɗaki da aka gina a kan bishiya don kallon dabbobi, lokacin da Gimbiya Elizabeth ta kwana a wurin. A wannan dare ne mahaifinta Sarki George na Shida ya rasu a Ingila, sarauta ta koma kanta. Wannan ziyara ita ce jigon littafinsa na ƙarshe.

Corbett ya rasu a Nyeri ranar 19 ga Afrilun 1955 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 79, kwanaki kaɗan bayan ya kammala rubuta Tree Tops. An binne shi a maƙabartar cocin Saint Peter da ke garin. Maggie ta rasu a 1963.

Suka

Masana tarihi sun yi nuni da cewa Corbett ɗan tsarin mulkin mallaka ne, kuma damar da ya samu ta yawo da bindiga a dazuzzukan gwamnati ba kowane ɗan ƙasa ke da ita ba. Ya shirya wa manyan jami'an Birtaniya farautar taiga, ya kuma kashe dabbobin da ba su taɓa cin mutum ba, kamar namijin Powalgarh, wanda ya harba bayan ya riga ya fara ɗaukar fim. Shi da kansa ya rubuta cewa a farautar Chowgarh ya harbe 'yar taigar a maimakon uwar da yake nema. Wasu kuma suna ganin yadda yake bayyana talakawan Kumaon, duk da ƙaunar da ke ciki, yana ɗauke da kallon uba ga 'ya'yansa irin na Turawan mulki.

A fagen hoto ma ma'auni ya sauya. Janyo dabba zuwa gaban kyamara da abinci ko da kira abu ne da aka saba da shi a zamaninsa. A yau ana ƙyamar hakan, domin yana sauya ɗabi'ar dabbar kuma yana iya sa ta saba da mutane, abin da kan jawo haɗari gare ta da su. Manyan gasannin hoton namun daji suna da dokoki masu tsauri a kan yadda aka sami hoto da kuma iyakar gyaran da aka yarda a yi masa da kwamfuta.

Abin da ya bari

Ba da daɗewa ba bayan rasuwarsa aka sauya wa gandun dajin Hailey suna zuwa gandun dajin Corbett, bayan ya ɗan ɗauki sunan Ramganga na wani lokaci. A 1968 masanin dabbobi Vratislav Mazák ya sa wa taigar yankin Indochina sunan kimiyya Panthera tigris corbetti don girmama shi. Gidansa na Kaladhungi ya zama gidan tarihi.

Gargaɗin da ya yi ya tabbata. Ƙidayar 1972 ta nuna taiga 1,827 kacal suka rage a Indiya, abin da ya sa gwamnati ta ƙaddamar da shirin ceto taiga a 1973, kuma a gandun Corbett aka yi bikin ƙaddamarwar. Dabarar Champion ta gane taiga ta hanyar ratsinta ita ma ta dawo da ƙarfi. A shekarun 1990 masani K. Ullas Karanth ya yi amfani da tarkon kyamara wajen ƙiyasta yawan taiga a gandun Nagarahole, kuma tun daga 2006 ƙidayar ƙasa baki ɗaya take dogara da irin waɗannan hotuna. Ƙiyasin 2006 ya nuna taiga 1,411, na 2022 kuma ya nuna kimanin 3,682.

A ɓangaren fasahar hoto, tarkon kyamara ya kai ga lashe babbar kyautar gasar Wildlife Photographer of the Year: Steve Winter ya ci ta a 2008 da hoton damisar ƙanƙara, Sergey Gorshkov kuma a 2020 da hoton macen taigar Amur tana rungume da bishiya a gabashin Rasha, bayan ya shafe kimanin wata goma sha ɗaya yana jira. Hanyar Corbett ta ɗaukar dabbar da rana cikin motsi irinta ce ake bi a shirye-shiryen namun daji da ake nunawa a talabijin, inda har yanzu masu ɗauka kan shafe makonni a maɓoya ɗaya kafin su sami 'yan mintunan da za a nuna.